Har In Dawo

"Ina raye ba za a faɗi wannan kalma a gidan nan ba!" Hedimasta ya buga sandarsa a kan siminti har murfin kwanon da ke gabansa ya yi tsalle. "Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji, Yaya," in ji Maman 'Yan Biyu, matar ƙanensa. Ba ta ɗago ba, tana durƙushe tana mayar da murfin. "To ba ni wata. Kai ne mai kalmomi. Zaɓo mini guda ɗaya tak wadda za ta sa mijina ya kai loma bakinsa."

Ni kuwa aron rariya ne ya shigo da ni. Ina da rariya biyu a ɗakina, ɗayar ma ko ledarta ban cire ba, amma idan tsohuwa tana haya a ɗakin ƙofar gida, ta ji muryoyi sun tashi daga ciki tun hantsi, ai dole ta buƙaci wani abu. Na sami gefen kujera na ɗosana. Ko ci kanki babu wanda ya ce mini.

Wanda ake rigimar a kansa yana tsugune a bakin ƙofar falon daga ciki, wurin da ake zubar da takalma. Tela ke nan, mai gidan. Ga kujeru uku masu laushi da ya yi wa riguna da hannunsa, amma tun da ya dawo bai hau ko ɗaya ba. Hannayensa biyu a kan gwiwa, kansa a sunkuye, ƙasusuwan wuyansa sun fito kamar an rataya riga a ƙusa. Kwanon abinci na gabansa, tsakaninsu bai fi taki ɗaya ba. Yau kwana uku rabon da wani abu ya shiga cikinsa in ban da ruwa.

Wanda bai san Tela a da ba ba zai gane asarar da aka yi ba. Mutum ne da ake jin dariyarsa daga bakin titi. Zai rantse miki rigarki saura maɓalli, alhali yadin yana nan a naɗe yana matashin kai da shi, ki je da faɗa ki dawo kina dariya. Ni ya taɓa riƙe mini zane wata biyu, da na matsa ya ce wai jira yake in ƙara ƙiba don kada ya yi aiki biyu. Wannan mutumin ne ya shiga mota zai je sarin yadi, aka tare su a hanya, aka kora su daji. Wata tara babu shi.

"Garkuwa aka yi da shi," in ji Hedimasta, yana ƙirgawa da yatsa kamar yana gaban allo. Shekara talatin ya yi yana riƙe da makaranta, har yau in ya ce sannu sai ki ji kamar za a duba miki farce. "Wanda aka yi garkuwa da shi, wannan ita ce maganar da ta dace. In ta yi miki tsawo ki ce kamamme. Ki ce fursuna ma na yarda, manyan mutane sun yi fursuna sun fito da darajarsu. Amma bawa? Kin san mene ne bawa?"

"Faɗa mini, Yaya."

"Bawa dukiya ne. Ana sayensa, ana sayar da shi, ana gadonsa kamar tukunya. Kuma abin ba ya tsayawa a kansa. Abin da bawa ya haifa a gidan bauta bacucane ne, har jikoki sunan yana binsu. Yau ki furta ta a ɗakin nan, gobe 'yan biyunki su je makaranta a nuna su da baki. Shekara ashirin nan gaba wani zai zo neman aurensu, a ja shi gefe a yi masa raɗa. Mu da kakanmu ya ajiye rinji guda, gari sukutum na bayi suna yi masa noma! Mu ne yau za a ce..."

"An saye shi, Yaya."

Daga bayan gida ana jin ƙarar wanki, tim, tim, a kan dutse.

"An saye shi," ta sake cewa. "Da bakinsa ya gaya mini. Babur aka bayar."

Wannan kam na riga na sani, don a bakin famfo ta taɓa amayar mini da shi tana kuka, na kuwa riƙe mata amana, mutum huɗu kawai na gaya wa. Waɗanda suka fara kama shi sun kira waya sau biyu, daga nan shiru. Ashe wani mai sansani a can ciki ne ya ga Tela yana ɗinke wandonsa da ƙaya da zaren buhu, ya ce yana so. Ya ba su tsohon babur, suka ba shi mutum. Aka miƙa masa allura da almakashi. Shi ne facin riguna, shi ne ɗinkin jakunkuna, shi ne gyaran tamfol. Ba su taɓa tambayar sunansa ba, Allura suke kiransa. Shi kuma dole ya ce wa mutumin Ubangida.

Dokar wurin guda ce mai sauƙi. Ba ya tashi sai an ce tashi, ba ya ci sai an ce ci. Ranar farko da yunwa ta sa ya miƙa hannu kafin a ba shi izini, abin da aka yi wa hannun har yau ƙaramin yatsansa bai miƙe ba. Wani lokaci a ajiye masa kwano a gabansa tun safe, mutumin ya manta, ko ya yi kamar ya manta, har ƙuda su gama nasu.

Kuma ba sakinsa aka yi ba, ba fansarsa aka yi ba, ba gudowa ya yi ba. Wata rana da tsakar rana harbi ya tashi, sansani ya watse. Ubangidan ya ja shi gindin wata bishiya, ya nuna masa ƙasa da bakin bindiga, ya ce, "Zauna nan har in dawo." Ya zauna. Kwana biyu yana wurin, babu igiya, babu mai gadi, ga hanya a buɗe ta ko'ina. Masu saran itace ne suka tsince shi, kuma sai da suka ɗauke shi cak kamar buhu, don ya ce ba a ce ya tashi ba.

Da aka kawo shi gida mun yi guɗa, mun yi kuka, an cika tsakar gida da 'yan barka. Sai da ƙafa ta ɗauke aka ga abin da aka kawo. Likita ya duba shi, ya ce jiki zai murmure, sauran sai a hankali, ya ba da ƙwayoyi. Ƙwayoyin ma sai an ce sha.

Maman 'Yan Biyu ce ta gano dabara, dabarar da ta ci ta. Sai ta kori yara, ta rufe ƙofa, ta kumbura murya kamar ta namiji, ta ce, "Kai Allura, ci!" Sai ya ci, da sauri, yana kare kwanon da hannu. Mako uku tana haka, sau uku a rana, ta fito ta shiga bayi ta yi kukanta ta wanke fuska. Matar da shekara goma sha biyu ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba don kunya. Rannan sai ta dawo daga kasuwa ta tarar da 'yan biyu, 'yan mata masu shekara shida, sun sami abin wasa. Ɗaya ta ce, "Allura, tashi!" uban ya miƙe. Ɗayar ta ce, "Allura, zauna!" ya tsuguna. Suna ta ƙyalƙyala dariya. Ranar ta kai su gidan uwarta, ta dawo ta rantse ko za ta mutu ba za ta ƙara ba.

Shi ne ta aika wa Hedimasta. Ya zo da sandarsa da jakarsa, ya ga ƙanensa a cikin takalma, ya daka tsawa irin ta filin makaranta: "Kai, wane irin sakarci ne wannan? Ci abinci mana!" Nan take Tela ya jawo kwano ya cinye tas, ya lashe yatsu, ya dubi ƙafafun wansa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ce, "Na gode, Ubangida."

Hedimasta ya koma da baya har ya ci karo da bango. Tun daga ranar shi ma bai ƙara ba da umarni ba. Yau kwana uku ke nan. Matar ta rantse, wan ya tsorata, kwano yana zuwa yana komawa. Shi ne yau ta ce wa wan mafita ɗaya ce, ya 'yanta shi kamar yadda ake 'yanta bawa.

"Wa ya kitsa miki wannan maganar ta 'yantawa?" Hedimasta ya tambaya. "Wannan ba tunaninki ba ne."

Ƙarar wankin ta amsa masa daga bayan gida.

"Iya!" ya ƙwala kira. "Iya Mai Wanki!"

Sai da ta gama matse abin da ke hannunta sannan ta shigo, tana share kumfa a zanenta. Iya ta haura saba'in da biyar, bayanta ya lanƙwashe daidai tsayin dutsen wanki. Duk ranar Alhamis tana gidan nan, tun kafin a haifi Tela. Ita ta goya Hedimasta, har yau tana cewa shi ne jaririn da ya fi kowa yi mata fitsari a baya. In baƙo ya tambaya wace ce, sai a ce, "Ai ta gidanmu ce," a wuce wurin da sauri. Ni dai na san sauran, kowa ma ya sani: kakarta baiwar kakansu ce.

"Ga ni, Ɗan Goyona," ta ce. "Ka rage murya, makwabta ba su biya kuɗin makaranta ba."

"Ke kika ce a 'yanta ƙanena?"

"Ni ce."

"Kamar bawa."

"To da kamar me?"

"Iya, ki ji tsoron Allah. Wannan ɗa ne, ɗan ɗa, jikan ɗa. 'Yan fashi ba su da ikon mayar da ɗa bawa. Ko a littafi babu wannan. Cinikin da suka yi haramtacce ne, bai ƙullu ba."

"Ka gaya wa cikinsa," in ji Iya. Ta nemi ƙasa ta zauna kusa da Tela, ita ma a cikin takalma, ta miƙe ƙafa. "Kai a littafi ka san kalmomin nan, ni a bakin kakata na san su. Ita ma ɗiya ce ranar da ta fita ɗiban ruwa tana shekara tara. Ita ma cinikinta bai ƙullu ba. An ba da gishiri, an karɓe ta."

"Wannan zamani ne da ya wuce."

"Bari in gaya maka yadda ta koya mini su, ka ga ko sun yi daidai da na allonka. Ta ce kamamme yana kallon hanya, don yana sa ran za a zo. Fursuna yana ƙirga kwana, don nasa yana da iyaka. Bara in ya gaji yana iya naɗe tabarmarsa. Kuyanga ita ce wadda ake aike, baranya ita ce wadda ake zagi. Ƙwarƙwara ta sami ɗaki, amma ba ta sami ƙofa ba. Mai murgu an bar shi ya je ya nema, amma da yamma ya kawo. Shi kuwa bawa, ta ce, ba ya kallon hanya, ba ya ƙirga komai. Bakin mutum ɗaya kawai yake kallo." Ta nuna Tela da haɓa. "Dubi idonsa, Ɗan Goyona. Tun da ka shigo ina yake kallo?"

Duk muka duba. Kan Tela a sunkuye yake, amma idanun sun ɗago ta ƙasan gira, suna kan leɓen wansa. Hedimasta ya kai hannu ya rufe bakinsa, sai kuma ya ji kunya ya sauke.

"Wancan ya ɗaure shi da baki, bai dawo ya kwance ba," in ji Iya. "Igiyar tana nan tana jan ƙasa. Da ka yi tsawa rannan, kai ka taka ta. Yanzu a hannunka take, ko kana so ko ba ka so. Ni ba zan iya kwance shi ba, matarsa ba za ta iya ba. Sai wanda yake ce wa Ubangida."

"Ni ba ubangidan kowa ba ne!"

"Haka kakanka ya ce."

Ban taɓa jin Iya ta ambaci wannan ba, ni da nake taƙama babu tukunyar da ke tafasa a layin nan ban san abin da ke cikinta ba. Na gyara zama.

"Kakata ta taɓa ganin an 'yanta wani," ta ce. "Sau ɗaya. Wani tsoho mai kiwon dawaki. Aka kira shaidu biyu, ubangidansa ya dafa kansa ya ce: Na 'yanta ka saboda Allah. Daga yau kai ɗa ne. Ba ni da iko a kanka, ka je inda ka so, ka ci abin da ka so. Shi ke nan, ko minti ɗaya bai kai ba. Ta haddace shi. Tana wanki tana maimaitawa, har na ɗauka waƙa ce. Da zamani ya juya aka ce an hana bauta, ta je ta durƙusa gaban kakanka, ta ce ya faɗa mata. Ya yi dariya. Ya ce ai yanzu babu bawa babu ubangida, doka ta gama wannan, ke 'yar gida ce, me za ki yi da wata magana? Ta koma wurin ubanku bayan ya gaji gidan. Ya ce kada ta ƙara tayar da abin kunya. A ɗakin bayan nan ta mutu, wanda kuka mayar na ajiye gawayi. Ƙofa a buɗe shekara arba'in, ba ta taɓa kwana a wani wuri ba."

"Ba wanda ya hana ta tafiya."

"Ƙanenka ma ba wanda ya hana shi cin abinci."

Maman 'Yan Biyu ta rarrafa ta kama gefen rigar Hedimasta. "Yaya, don girman Allah. Don darajar mahaifiyarku. Numfashi ɗaya ne. Ba wanda zai ji, daga mu sai mu. Ga shaidu biyu, ga Iya, ga Gwaggo."

Sai a lokacin ya lura da ni. Ya dube ni, ya dubi hannuna da babu rariya.

"Wannan? Wannan ce shaida? Kafin la'asar mai gyaran taya ma ya ji!"

"Haba, Malam," na ce. "Ni da bakina kamar kabari."

"Kabarin da aka manta ba a rufe ba," in ji Iya.

Wallahi sai da Maman 'Yan Biyu ta yi dariya cikin hawaye. Ni ban ji haushi ba, don na ga kafaɗun Hedimasta sun ɗan sauko. Ya tsaya yana kallon ƙanensa. Tsakaninsu shekara goma sha biyar, shi ya kai shi makaranta a kan kekensa, shi ya saya masa keken ɗinki na farko da ya ga boko ya ƙi shiga. A wata taran nan ya rame shi ma, duk wanda ya ce ba ya son yaron nan ya yi ƙarya. Ya jingine sandarsa a bango. Ya tattare riga, gwiwoyinsa suna ƙara, ya durƙusa a gaban Tela. Ya ɗora hannu a kansa.

"To," ya ce. Ya yi gyaran murya. "Na... na sallame ka."

"Sallama ta ɗan aiki ce," in ji Iya. "Albashi ka ba shi?"

"Na sake ka."

"Wannan na fursuna ne. Ko na mata, in ka ga dama."

"Na yafe maka."

"Laifin me ya yi?"

"Iya, duk ma'anar ɗaya ce!"

"In ɗaya ce, me ya hana ka faɗin waccan?"

Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Na ga leɓensa ya haɗa kalmar, ya kai ta har bakin haƙora, ya mayar. Mutumin da ya koya wa yara dubu karatu, kalma mai gaɓa biyu ta tsaya masa a wuya kamar ƙashin kifi. Ya rufe ido. Ya buɗe.

Sai muka ji wata murya, siririya, a shaƙe, kamar ta fito daga ƙasan rijiya.

"Faɗi, Yaya."

Tela ne. Tun da ya dawo bai taɓa fara magana da kansa ba, sai an tambaye shi. Kuma Yaya ya kira shi, ba Ubangida ba. Matarsa ta cusa mayafi a baki. Ni kaina na manta a gidan mutane nake, na ce, "Allahu akbar."

Hawaye ya gangaro wa Hedimasta har cikin gemu. Ya gyara hannunsa a kan ƙanensa. Ya ja numfashi. Na rantse da zai faɗa. Ko yau aka tashe ni a gaban alƙali zan ce saura ƙiris.

Iya ce ta yi magana. Ba da ƙarfi ba. Ba ta ma dube shi ba, tafin hannunta take kallo, wanda sabulu ya cinye har zanen ya goge.

"In ka gama da shi, Ɗan Goyona," ta ce, "ka juyo ka faɗa mini. Tun da bakin ya buɗe."

Na sha juya wannan a raina. Da ta bari ya gama tukuna. Da ta haƙura minti ɗaya, ita da ta haƙura shekara saba'in. Amma wa zai ce mata ta yi laifi? Ta ga ƙofar da kakarta ta mutu tana jira ta buɗe da faɗin yatsa, ta san halin gidan, ta san in ta rufe ba za ta ƙara buɗewa ba.

Hannun Hedimasta ya sauka daga kan Tela.

"Ke?" ya ce. "Ke kuma a wane dalili? Ke da nake kira Iya? Wa ya taɓa ce miki baiwa a gidan nan?"

"Ba wanda ya taɓa. Ba kwa faɗin kalmar, ai na shaida."

"Ana biyanki wankinki!"

"Ana ba ni abin da aka ga dama, ina godiya. Ka taɓa jin na yi ciniki? Akwai gidan da nake wa wanki a garin nan in ba wannan ba? Bayana ya ƙare, idona ya ƙare, 'ya'yana suna ta yi mini faɗa in zauna. Duk Laraba sai in ce gobe ba zan je ba. Gari na wayewa sai in ga ƙafata ta kawo ni."

"To me ya sa kike zuwa?"

"Ba wanda ya ce in daina."

Ya dafa bango ya miƙe, ya ɗauki sandarsa. Fuskar da ta yi laushi ɗazu ta koma ta filin makaranta.

"Yanzu na gane," ya ce. "Ashe ba don shi ba ne. Tarko ne. In faɗa masa, in faɗa miki, a gaban wannan rediyon," ya nuna ni da sanda, "gobe gari ya ɗauka cewa gidanmu ya riƙe baiwa har bana, kuma ɗan gidan ya zama bawa. Kakana azzalumi, ubana azzalumi, ni ma azzalumi. A baki ɗaya in tone kabari biyu in binne yara biyu. To ba da ni ba!"

"Yaya, bar tawa," in ji Iya da sauri, ita da ba ta taɓa ce masa Yaya ba. "Na janye. Tsufa ne. Yi masa nasa kawai."

"Yaya, ta janye!" Maman 'Yan Biyu ta riƙe ƙafarsa. "Ta janye, ka ji ta. Dube shi, kwana uku!"

"Sakar mini ƙafa. Ciwo ne ke damunsa, ciwo kuma likita ke maganinsa, ba tatsuniyar masu wanki ba. Yanzu zan je in zo da likita, a sa masa ruwa a jijiya in ta kama. Ƙanena ba bawa ba ne. Bai taɓa zama ba. Babu abin da za a 'yanta!"

Ya fizge ƙafarsa, ya laluba cikin takalman da ke gefen Tela ya zura nasa, ya kama marfin ƙofa.

A nan ne abin da ba mu zata ba ya faru. Tela ya motsa. Ba wanda ya ce masa tashi. Ya dafa ƙasa da hannun nan mai karyayyen yatsa, ya ɗaga gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, yana tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Ya miƙe tsaye da ƙafafunsa, da nufin kansa, karo na farko tun daga gindin bishiyar nan. Ya miƙa hannu ya kama hannun rigar wansa.

"Yaya," ya ce. "Yaya, tsaya..."

Hedimasta bai ko juyo sosai ba. Ransa a ɓace, idonsa a rufe, bakinsa ya yi abin da ya saba yi shekara talatin duk lokacin da yaro ya biyo shi ƙofar ofis.

"Kai, zauna nan har in dawo!"

Na ga maganar ta shiga Tela kamar an zare masa ƙashin baya. Hannun ya saki rigar. Ya sulale ya koma cikin takalma, ya ɗora hannaye a kan gwiwa, ya sunkuyar da kai daidai yadda yake tun safe.

"To, Ubangida," ya ce.

"Yaya, janye!" Maman 'Yan Biyu ta kurma ihu, ta taso har ta yi fatali da kwanon. "Janye wannan! Yaya, don Allah dawo ka janye!"

Amma ya riga ya sa ƙafa waje. Ya jawo ƙofar da dukkan ƙarfinsa, garam, har tsohon almakashin Tela da ke rataye a bayanta ya faɗo ƙasa.